Hannun Kwat ɗin Auta

A layin teloli babu wanda bai san Injiniya ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna. Tela ne kamar kowa, da tif ɗin awo a wuya da alli a bayan kunne. Abu ɗaya ya fi su da shi: idan keken ɗinki ya fara tsallake, ya ɗinka nan ya bar can, zare yana tsinkewa kamar da gayya, shi kaɗai ya san makamarsa a duk layin.

Yana kuma da yadda yake yin abinsa. Mai keke zai ciccibo kan keken ya kawo yana haki. Injiniya zai daɗe yana dubansa, ya girgiza kai, ya ce, "Kai, kun kashe bawan Allah." Sai ya aiki mutum ya sayo masa shayi, ba kuma wurin mai shayin kusa ba, na can ƙarshen layi. Da mutum ya ba da baya sai ya ja labule. Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Wasu ƙananan ƙusoshi ne a ƙarƙashi za a sassauta, a murza 'yar ƙugiyar da ke cafke zare ta yi daidai da idon allura, a ɗaure. Kafin ruwan mai shayi ya tafasa an gama. Sauran lokacin kuwa, akwai wani tsohon ƙarfe a ƙarƙashin tebur da Injiniya yake ta narka wa guduma don na waje su ji ana aiki. Daga ƙarshe ya shafa baƙin mai a goshi, ya buɗe labule yana nishi. Da wannan ya ci girma shekara da shekaru. Shi ake fara gaisarwa, shi ake ba kujera mai jingina, in ana gardama maganarsa ce ta ƙarshe, ko da a kan ƙwallo ne, abin da bai san kansa ba.

Akwai wani sirrin kuma da ya fi wancan ɓoyewa. Duk sabon yankan da yake fitowa da shi yana cewa daga kansa ya ƙago, daga waya yake kwasowa. Wata tsohuwar tela ce da ake kira Malama take da shafi a intanet, inda take koyar da ɗinki kyauta. Ba a ganin fuskarta, sai hannayenta da kekenta da muryarta mai ɗan faɗa. Mabiyanta dubbai ne. Duk ranar da ta saki darasi, Injiniya zai shige ɗan ɗakin ajiyar yadi na bayan shago, ya cusa abin sauraro a kunne, ya kwashe tas, ya fito yana miƙa kamar wanda ya yi barci. Malama takan roƙi jama'a a ƙarshen kowane darasi, duk wanda ya san abin da ba ta sani ba ya ɗauka ya saka kowa ya ƙaru, ko ya taya ta amsa tambayoyin 'yan koyo. Injiniya ba ya ko jin ƙarshen roƙon yake kashe waya. Mutane dubbai, ai ba za a rasa mai yi ba.

Ana haka Auta, 'yarsa ta ƙarshe wadda ta gama karatu take zaman jiran aiki, ta shigo shago da leda a hannu, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Baba, an kira ni intabiyu!"

"Alhamdu lillahi! Yaushe?"

"Ƙarshen watan nan. Baba, kwat nake so irin ta ma'aikata. Kuma ba na son ta kanti, taka nake so." Ta zazzage yadi ruwan toka a kan tebur. "Shi ne ƙarshen bandir ɗin, mai shagon ya ce babu irinsa kuma. Na gaya wa ƙawayena babana zai ɗinka min, babu abin da bai iya ba."

Injiniya bai taɓa ɗinka kwat ba tun da yake. Amma a daidai lokacin Malama ta fara jerin darussa a kan kwat, ta yi jiki, ta yi kwala, ta yi aljihu, saura hannu. Don haka ya shafa yadin da bayan hannu, ya ce, "Kwat? Ai wannan ko ido a rufe." Auta ta fita tana tsalle kamar ba mai digiri ba, shi kuwa daɗi ya cika shi, don duk duniya babu yabon da yake shiga ransa irin na yarinyar nan.

Jiki ya fito tsaf. Kwala ta kwanta, aljihu ya zauna. Ya rataye ta a ɗakin baya yana jiran darasin hannu.

Darasin bai zo ba. Abin da ya zo wani gajeren bidiyo ne. Malama ta taka keke, keke ya ɗinka nan ya tsallake can, zare ya tsinke.

"Kun gani ko?" in ji muryarta. "Na kai wa mai gyara, ya dawo min da shi ya fi da lalacewa. To na gaji, ba inda zan sake kai shi. Shekara nawa ina ba ku kuna karɓa? A cikinku akwai wanda ya san ciwon keken nan, na tabbata. Ya ɗauki bidiyo ya saka nan a fili, kowa ya gani. Kada wani ya ce zai turo min a ɓoye, akwatin saƙo na rufe shi tun da wasu suka mai da shi wurin neman aure. Ranar da keke ya tashi, ranar za ku ga hannu."

Injiniya tun daga ƙarar keken ya gane ciwon. 'Yar ƙugiyar nan ce ta goce, ba komai ba. Yatsunsa har ƙaiƙayi suke yi. Amma a fili? Inda kowane tela mai waya zai gani? Ya mai da wayar aljihu, ya ce wa kansa a cikin dubban nan dole akwai wani makaniken da ba shi da layin da zai rasa.

Ya yi ta leƙa shafin, safe da rana da yamma. Jama'a kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen jaje. "Allah ya kawo mai gyara, Malama." "Sannu Malama, muna tare da ke." Wani ya ce ta canza allura, wani ya ce ta zuba mai, wata ta ce baki ne, a tofa masa addu'a. Wani ma tallan atamfa ya saka. Mai gyara dai shiru.

Da haƙurinsa ya ƙare sai ya buɗe sabon suna, Mai Kishin Sana'a, ya zauna ya rubuta da zafi: "Haba jama'a! Baiwar Allah nan tana ba mu ilimi kyauta, yau ta nemi abu ɗaya mun yi gum? Wanda ya sani ya ɓoye, ya ji kunya!" Kafin la'asar maganar ta karaɗe shafin. Kowa ya yarda da shi. "Wallahi gaskiya ka faɗa." "Mutanenmu sai ci, ba bayarwa." "Allah ya shirye su." Injiniya ya karanta, ya ji har ya fara jin haushin mutumin da ya sani ya ɓoye, kafin ya tuna ko wane ne.

Wata yana ta gudu. Ya ce bari ya gwada da kansa, hannu dai ai hannu ne. Ya yanka irin na riga, ya haɗa. Da ya rataye kwat ɗin ya ja da baya, sai ya ga kafaɗa ta tattare, hannun ya karkace baya kamar fiffiken kazar da aka fige. Ya farke, ya sake, yadin ya fara tsagewa a baki. Da ya auna abin da ya rage, sai gumi ya karyo masa. Hannu biyu zai fita cif, in aka sake ɓatawa shi ke nan.

Ya fito shan iska ya bi layi, hannu a baya, sai ya lura da abin da bai lura da shi ba a da. A ƙofar shagon Gajere an rataye kwat mara hannu. A na kusa da shi ma haka. Ya tsallaka shagon Dogo, babban abokin hamayyarsa, wanda shi ma yake da nasa abin taƙamar: shi kaɗai ya iya wasa almakashi ya daina tauna yadi, kuma ba ya yi a shago, sai ya tafi da shi gida. A bayan Dogo ma ga kwat har biyu, ba hannu.

"Dogo, wannan fa?"

"Falmaran ce," in ji Dogo, ko ɗagowa bai yi ba. "Ita ake yayi bana."

"Falmaran da kwala?"

"Sabon salo ne. Daga kaina na ƙago."

"Allah ya ƙara basira," in ji Injiniya. Suka kalli juna, kowa ya kau da kai. Ashe duk layin a aji ɗaya suke, kowa a ɗakin bayansa, kuma duk a darasi ɗaya suka maƙale.

Da yamma ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda ta san shi ciki da bai, ta zauna gefensa ta ce, "Baban Auta, ko kai ba ka faɗa ba, na ga kwat ba hannu. Yarinyar nan har ta goge takalmi ta ajiye. Mene ne?"

Ya yi 'yan kewaye-kewaye, ta tsare shi da ido, ya zayyana mata komai.

"To ka nuna wa matar mana."

"A fili fa! Kin san abin da kike faɗa? Gobe kowane ɗan koyo ya ɗauki sukundireba ya zama injiniya. Wa zai sake gaishe ni?"

"Ni zan gaishe ka," in ji ta. "Auta kuma intabiyu jibi. Ka zaɓa, ko su Dogo su daina kawo maka shayi, ko ka je ka gaya mata da bakinka cewa ba ka iya ba."

Ya hango fuskar Auta lokacin da take cewa babu abin da bai iya ba, sai tsoro ya kama shi. Ba kuma tsoron su Dogo ba ne.

Washegari da sassafe, kafin layi ya cika, suka buɗe shago suka ja labule. Matar ta riƙe waya. Ya kafa mata sharaɗi, hannu kawai za ta ɗauka, ban da fuska, shi kuma zai shaƙe murya. Ya kwantar da kan kekensa, ya gotar da ƙugiyar da gangan, sannan ya jawo tsohon ƙarfen nan da guduma.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Yana cikin aikin."

"Baban Auta."

Ya mai da gudumar. Ya sassauta ƙusoshi, ya murza, ya nuna inda bakin ƙugiya zai haɗu da idon allura, ya ɗaure, ya taka. Keke ya zuba ɗinki sumul.

Matar ta sauke waya. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wannan ne kake korar dattawa ƙarshen layi a kansa? Har da surukin Gajere mai ciwon gwiwa?" Ta kama dariya har sai da ta dafa tebur. Shi kuwa ya fizge wayar, ya runtse ido, ya saka bidiyon da sunan Mai Kishin Sana'a, ya ji kamar an zare masa haƙori.

Shaƙe muryar ba ta yi amfani ba. Wanda ya shekara yana jin mutum yana gardamar ƙwallo ba zai kasa gane shi ba don ya toshe hanci. Kafin hantsi layi ya yi tsit, babu ƙarar keke ko ɗaya, sai 'yan ƙananan kas-kas daga ɗakunan baya. Daga nan kekuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya, har wani tsohon keke da Injiniya ya taɓa yanke wa hukuncin mutuwa. Gajere ya wuce ta ƙofarsa ya ce, "Ina kwana, Mai Kishi," bai ko tsaya ba.

Injiniya ya haɗiye maganar. Da azahar sai ga Malama.

"Keke ya tashi," in ji ta, muryarta har da fara'a. "Mai Kishin Sana'a, Allah ya yi albarka. Ka daɗe dai kana faɗa kafin ka tuna kai ne ka sani, amma ba komai. To, hannun kwat."

Ta shimfiɗa yadi, ta nuna yadda ake zana shi gida biyu, na sama da na ƙasa, da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu, da rarar da ake bari a kan kafaɗa. Injiniya yana bi da alli. Sai ta ɗauki almakashi ta kafa. Almakashi ya tauna yadi. Ta sake kafawa, ya sake taunawa.

"Af," in ji Malama. "Kun gani ko? Ya dakushe. Ni kuma ban iya wasa shi ba. Yadda ake haɗa hannu da kafaɗa ba tare da ya tattare ba, shi ne asirin duka, kuma yana nan zuwa. Ranar da wani ya nuna mana wasa almakashi, ranar za ku gani."

Injiniya ya rantse da gangan ta dakusar da shi, wataƙila ma wayar ƙarfe ta yanka da shi. Tsohuwar ta gano hanya, ta ɗanɗana ta ji daɗi. Amma ba shi da lokacin zagi, intabiyu gobe ne. Ya fito daga ɗakin baya, ya kira matarsa da ta kawo masa abincin rana, ya damƙa mata waya, suka tsallaka titi.

Dogo yana zaune, kan kekensa a kwance, sukundireba a hannu. Da ya gan su sai ya tura ta ƙarƙashin cinya.

"Dogo, ɗauko dutsen washinka."

"Wane dutse?"

"Malama tana jira."

"Wace Malama? Ni ban san wata Malama ba."

"Wadda ta koya maka falmaran mai kwala."

Dogo ya sosa ƙeya, ya leƙa waje, ya rage murya. "Injiniya, ka yi haƙuri mana. Mutane dubbai ne a shafin nan. Wani zai yi."

Injiniya ya ji jini ya hau masa kai. Bai taɓa sanin maganar nan tana da baƙin jini haka ba sai da ya ji ta a bakin wani.

"Babu wani! Na zauna na jira wanin nan har na kusa kashe yadin 'yata. Dubban nan duk ni da kai ne, kowa a ɗakin baya. Ka ci moriyar asirina da safe, ga shaida a ƙarƙashin cinyarka. Yanzu ka kawo naka, ko in tsaya a tsakiyar titi in gaya wa masu kawo maka ɗinki daga inda basirarka take fitowa."

"In ka tona ni ai ka tona kanka."

"Ni? Ni da Gajere ya kira Mai Kishi ya wuce? Me ya rage a tona?"

Dogo ya dube shi ya ga babu wasa. Mutumin da ba shi da sauran abin ɓoyewa ba a yin ciniki da shi. Ya ja dogon tsaki, ya sa hannu a bayan durowa, ya zaro dutsen da ya shekara yana cewa a gida yake. Ya ce shi ma ban da fuska. Matar Injiniya ta ce to, ta ɗauki har da rabin gemunsa. Nasa asirin ma bai fi na Injiniya tsawo ba: a kwance almakashin biyu, a wasa gefen waje kaɗai, kada a taɓa na ciki, a ɗaure ƙusar ba da ƙarfi ba.

"Ku dai mazan layin nan," in ji ta tana miƙa wa mijinta wayar, "Allah ya yafe muku."

Malama ba ta saɓa alkawari ba. Bayan la'asar darasin ya fito. Ashe rarar kan hannun ba yanke ta ake yi ba, zare ake bi da shi a ɗan tattaro ta, a danne da dutsen guga da tururi har ta shige, sannan a haɗa. Injiniya ya yanka yadin ƙarshe, ya bi Malama taki-taki, bai ƙara ko ɗigo daga kansa ba. Babu wanda ya leƙo shi, babu wanda ya kawo shayi, duk layin kowa yana fama da hannun tasa falmaran.

Da safe Auta ta biyo ta shago ta saka kwat ɗin a kan doguwar rigarta. Ta juya gaban madubi, ta juya, ta shafa kafaɗa. "Baba!" kawai ta ce, idonta ya kawo ruwa. Injiniya ya yi kamar yana neman wani abu a durowa.

Ya rako ta bakin titi. Teloli suka firfito ƙofar shagunansu, kowa yana yi kamar iska ya fito sha, kowa idonsa a kan kafaɗar yarinya. Dogo, da ya kwana da fushi, ya tsallako yana ɓata rai, ya zagaya ta, ya sunkuya ya duba ɗinkin, ya miƙe.

"Ya zauna," ya ce, ya koma.

Injiniya ya sha yabo a layin nan iri-iri, amma wannan ne na farko da bai shafa baƙin mai ya saye shi ba. Daɗin ya shige shi har ya ba shi haushi.

Sai ga motar haya ta taho a guje, ba ta da niyyar tsayawa. Duk tela ya san inda kwat take tona asirin mai ɗinkinta, a hammata ne, lokacin da aka ɗaga hannu. Injiniya ya buɗe baki zai ce bari ya tsayar mata, amma ya makara. Auta ta riga ta cilla hannu sama iya ƙarfinta, tana kaɗa shi tana kiran direba. Layi gaba ɗaya ya ɗauke numfashi.

Ɗinki bai ce uffan ba. Mota ta ci birki, Auta ta shiga, ta leƙo ta taga tana ɗaga masa hannun nan dai har suka sha kwana. Injiniya ya nemi abin zama, ya zauna a kan dakalin Gajere.